Ƙusoshin Baba Purcell

A ƙaramar silimar garinsu da ke Indiana Orrin ya fara ganin Marnie. Tsohon fim ake nunawa. Wata motar makaranta ruwan ɗorawa ta gifta a allo, ya ce a hankali, "Ƙirar Bristow."

Ta waiwayo daga kujerar gabansa. "Malam, fim ka zo kallo ko gwanjon motoci?"

Daga ranar zuciyarsa ta bar hannunsa.

Abu ɗaya Orrin ya iya a duniya: ya ga tsohuwar motar makaranta a fim, ya faɗi kamfanin da ya ƙera bodinta, ta lanƙwasar rufi da fasalin gilashin baya. Marnie ta raɗa masa Direbana, alhali ko lasisin babbar mota ba shi da shi.

Mahaifinta, Baba Purcell, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga ƙusoshin bodin motocin makaranta a masana'antar Harlow, har aka rufe ta. Abin da ya rage masa fim guda ne da yake kunna wa kowane baƙo. Ranar da Orrin ya je gaishe shi, aka kunna. Mota ta tsaya, yara suka hau, aka nuno su a ciki suna waƙa.

"Ka ga motar nan? Aikin hannuna ce," in ji tsohon.

Marnie ta taka ƙafar Orrin. Ina, magana ta riga ta fita.

"Baba, gilashin bayan nan na Bristow ne, ba na Harlow ba."

Tsohon ya ajiye cokali. "Ga ƙofa can. Ita ma ka duba wa ya ƙera ta."

Aka hana shi gidan. Wendell, ɗan maƙwabta, ya fara sintiri a gidan yana neman Marnie, yana gyaɗa kai ga duk abin da tsohon ya faɗa.

Saƙon Marnie ya shigo wayar Orrin: "Direbana, ka ce masa kuskure ka yi. Na gaji da kuka."

Ya mayar: "Tauraruwata, in na faɗa zai gane ƙarya ce. Ban san yadda zan yi ba."

Ya yi ta maimaita fim ɗin, yana fatan idonsa ne ya yaudare shi. Kullum Bristow.

Wata Asabar Marnie ta same shi a gaban fim ɗin, idonta jawur. "Kai wai ina kake kallo?"

"Bayan motar."

"To Baba ciki yake kallo. Sama."

Ya tsayar da hoton inda yara ke waƙa. Ƙusoshin rufin ciki a jere suke bibbiyu, bugun Harlow. Ashe mota biyu masu fim suka haɗa: ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki.

Ya nufi gidan, ya tarar da tsohon a baranda.

"Baba, cikin naka ne. Na gani. Wajen dai ba naka ba ne."

"Har yanzu kana kan bakanka?"

"Ina kai."

Tsohon ya ce, "Wendell cewa ya yi har tayoyin ni na ƙera." Ya turo masa kujera da ƙafa. "Zauna, mai taurin kai."

Ran bikin Orrin da Marnie, tsohuwar motar Harlow aka yi haya ta kai su coci. Baba Purcell ya miƙa hannu ya shafa rufin.

"Bibbiyu muke buga su, don ɗaya ba ta riƙewa. Allah ya riƙe ku, ya yi muku albarka."

Marnie ta damƙe hannun Direbanta. Wannan karon bai ce uffan ba.