Kumfa a Ƙarƙashin Rini

Fararen tawul, buroshi mai laushi, kwalbar feshi, injin zuƙe ruwa, safar hannu, da gorar haidurojin irin na wanke ciwo. Kayan da ke bayan motar ke nan. A gaba kuwa wata Sufeton 'yan sanda ce zaune, mai wankin kafet yana tuƙi yana ba ta labari.

Kashe-Tabo ake ce masa. Da safe aka kira shi wani gida ya cire baƙin rinin gashi daga farin kafet ɗin falo. A gidan ne wani dattijo ya rasu kwanan baya, aka ce santsi ya kwashe shi a banɗaki. Kashe-Tabo ya ce shi ba ya dirza, dannawa yake da tawul daga gefe zuwa tsakiya, don kada tabon ya bazu. Da rinin sama ya ragu sai ya ɗiga haidurojin. Wurin ya yi kumfa. Shi ya sa ya je ya ɗauko Sufeto.

"Rini ba ya kumfa, ranki ya daɗe. Jini ne ke yi."

Sufeto ta ce kumfa ba hujja ba ce, sai ɗakin gwaji ya faɗa. Amma dai ta ce ya ƙara wa motar wuta.

'Yar marigayin ce ta buɗe musu, mijinta na bayanta da hula har kunne, duk da zafin da ake yi. Sufeto ta durƙusa gaban tabon. Faɗinsa ya kai faranti, a gindin wani tebur mai kaifin baki. Ta duba ƙafafun teburin, ta duba bango. Babu ko ɗigo.

Ta tambayi yadda aka yi. Mijin ya riga matar amsawa, ya ce kwalbar rini ce ta suɓuce wa Baba da safen ranar da ya rasu.

"Kwalbar da ta faɗi takan yi fallatsi," in ji Sufeto. "Wannan a nitse aka tsiyaya shi, kamar mai ba shuka ruwa."

Ta sa Kashe-Tabo ya ɗaga kafet ɗin. A bayansa baƙin ya tsaya a tsakiya, wani jan-ƙasa ya zagaye shi, ya fi shi faɗi. Ta yanki zare kaɗan ta sa a leda.

Sannan ta ja matar zuwa kicin, ta tambaye ta ko mahaifinta yana rina gashi. Matar ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce Baba da furfurarsa yake taƙama, yakan ce bai saye ta a kasuwa ba balle ya ɓoye. Ita ranar tana wurin aiki, da ta dawo ta tarar da tabon, aka ce mata ga yadda aka yi. Cikin ruɗani ba ta yi tunani ba. Ita ce ma ta kira mai wanki, don ta gaji da ganinsa.

"To a gidan nan wa ke rini?"

Matar ta waiwaya. Idonta ya tafi ƙofar falo.

Sufeto ta koma ta ce wa mijin ya cire hula. Ya ce mura yake yi. Ta ce ba ta taɓa jin murar da ke fita ta ƙeya ba. Ya cire. Saman gashin baƙi ƙirin, tushensa fari fat.

"Mai rini ba ya barin kansa haka," ta ce. "Tun ranar ka kasa taɓa kwalbar. Ina taka?"

Ya ce ta ƙare. Ta ce ta ga inda ta ƙare, ga shi nan a ƙasa. Ta nuna masa ledar, ta ce in sakamako ya fito ba za ta sake tambayarsa da lalama ba.

Ya zauna a hannun kujera. Ya ce tsohon ya gan shi da wata mace a mota, ya ce ko ya faɗa wa 'yarsa da bakinsa ko shi ya faɗa. Gardama ta yi zafi, ya ture shi, kansa ya bugi teburin. Ya ja shi banɗaki ya buɗe famfo. Jinin falo ya ƙi gogewa, sai ya rufe shi da abin da ke hannunsa.

"Ban yi niyya ba," ya ce wa matar.

"Kai ka riƙe ni ina kuka," ta ce.

Wani kofur ya iso da motar ofis, ya sa wa mijin ankwa, suka fita.

Kashe-Tabo ya fara kwance wayar injinsa. Sufeto ta taka ta da ƙafa, ta ce kafet ɗin ya zama shaida, ya kwashe kayansa. Ya kalli tabon kamar wanda aka raba da abokin dambe ana tsakiyar turmi.

Ta fitar da su duka, ta ja ƙofar falon, ta murza makulli ta sa a aljihu.

"Babu mai taɓa shi sai alƙali ya gani."

"Na ji," in ji Kashe-Tabo. "Ranar da ya gama gani zan dawo. Ban taɓa barin aiki rabi ba."