Gurbin Hamma a Rawar Koroso

Ba don Fa'iza ta ƙwala ihu ba, da Bilya ya afka kanal ɗin Kadawa. Wani ƙaton gilashi ne ɗaure a fuskarsa, yana ta laluben iska.

"Malam, lafiyarka kuwa?"

Ya cire, ya ga ruwa, ya ganta. "VR ne. In mutum ya sa, sai ya ga kansa a wani wuri daban."

"To saura ƙiris ka ga kanka a lahira."

Duk Kura ba mai kula Bilya, wai karatun kwamfuta ya taɓa shi. Ita ma ba ta da abokin hira, daga gonar tumatir sai jinyar mahaifinta Hamma, tsohon ɗan rawar koroso da ɓarin jikinsa ya shanye. Kaɗaici ne ya haɗa su.

"Fa'izata, yau da wa kika yi hira?" yakan turo mata a waya.

"Da kai kaɗai, Injiniyana."

Hamma kuwa ya ƙeƙasa ƙasa. "Mai rufe ido da rana tsaka ne zai riƙe min 'ya?" Ya hana zance. Wata biyu gidan shiru, Fa'iza har ta rame.

Bilya ya je Bunkure ya ɗauko bidiyon rawar 'yan koroso, ya aiko da gilashin. Hamma ya sa, ya cire.

"Ya mai da ni ɗan kallo. Ni ban taɓa ganin koroso daga gefe ba." Ya juya wa kowa baya.

Fa'iza ta rubuta wa Bilya tana hawaye: "Baba a tsakiya yake tsayawa, hagun mai sarewa. Ka mayar masa da gurbinsa."

Bilya ya sake ɗauka, kyamara a daidai gurbin. Sannan ya kawo 'yan rawar har ƙofar gida, suka kewaye kujerar tsohon, aka sa masa gilashin. A gilashi yana tsakiyar fili, a zahiri akayau ɗin ƙafafunsu na kaɗawa a kunnensa, ƙasa na girgiza. Ƙafarsa mai lafiya ta fara bugawa.

"Mai sarewa, ka makara!" ya daka tsawa, yana dariya.

Da ya cire gilashin, gemunsa ya jiƙe. "Yaro, turo magabatanka."

Bayan ɗibar tumatir aka ɗaura aure. Hamma ya damƙa wa Bilya tsohon akayau ɗinsa.

"Allah ya yi muku albarka, ya raba ku da kaɗaici. Amma ka ƙara sa abin nan a bakin kanal, ni da kai ne."