Madafar Tukunyar Gumi

Ƙarfe biyu na rana ne cikin bazara, zafi ya kai inda ko awaki sun bar yawo sun lafe gindin katangu. Seydou mai kabu-kabu ya jingine motonshi, wato babur, ƙarƙashin dogon yaro daura da injin shinkafa, shina firfita da hula. Tun safe mutum huɗu kawai ya kai bakin gulbi.

Sai ga wata budurwa ta fito daga injin tana jan buhu da hannu biyu, farin gari ya hau mata gira.

"Mai moto, nawa za ka kai ni bayan kasuwa da buhu biyu?"

"Dala sittin."

"Sittin? Garin Gaya na ce ka ƙetara gulbi da ni?"

"To, arba'in."

"Talatin. Kuma ka ɗaure da kyau, wanda ya kai ni jiya ya zubar mini da tiya guda a hanya."

Seydou bai iya musu ba. Ya ɗaure buhunan ɗauri uku, ya riƙa tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, har ta ce mishi, "Bawan Allah, in haka za mu tafi sai mu iske an yi la'asar."

Habsatou ke nan, ɗiyar Inna Rakiya mai gumi. Sana'ar gidansu ita ce su jiƙa ɗanyar shinkafa, su turara ta cikin wata ƙatuwar tukunya ta rabin ganga, su shanya, sannan su kai inji. Duk Malanville an san gumin Inna Rakiya ba ya karyewa.

Da yamma saƙonta ya shigo wayarshi, don ta karɓi lambarshi sanda ya sauke ta:

"Salam mai moto. Inna ta ce ko ƙwara ba ta zube ba. Gobe ma ƙarfe biyu."

Seydou karatunshi bai yi nisa ba, ya daɗe shina neman haruffa kafin ya aika:

"Ko ƙarfe ɗaya ne ina nan."

Daga kai buhu sai gaisuwa, daga gaisuwa sai zance ƙofar gida bayan la'asar. Shi shina ce mata Farar Shinkafa, ita kuma ba ta bar ce mishi mai moto ba, sai dai ta ƙara mishi "na" a ƙarshe. Kafin ruwan farko ya sauka baffanninshi sunka je wurin mahaifinta, Malam Na-Allah, ya karɓe su hannu biyu.

Inna Rakiya ce ta ce sai ta ga gidan Seydou da idonta.

Ta zo ita da ƙanwarta Gwaggo Safiyatu. Gidan gado ne, ɗaki biyu da tsakar gida. Ba ta ko dubi ɗakunan ba, madafa ta nufa. Ta shiga, ta buɗe hannuwa, yatsunta sunka taɓa bango da bango. Seydou na tsaye taki uku daga gare ta, kanshi ƙasa. Da yake suruka ba ta magana da surukinta ido da ido, sai ta juya ga ƙanwarta.

"Safiyatu, ki tambaye shi, nan akurkin kaji ne ko madafa?"

"Ka ji, wai akurki ne ko madafa?"

"Madafa ce, Gwaggo."

"Ki gaya mishi ɗiyata da tukunyarta za ta zo. Ni na ga matan da anka raba da sana'arsu ranar aure, yau sabulu ma sai sun roƙa. Gumi wuta yake so ta yini guda, ƙarƙashin rufi, ko ana ruwa ko ba a yi. In ya faɗaɗa wurin nan kafin a gama yankan shinkafar kaka, na ba shi. In bai yi ba, mutanen Zahiru sun zo sau biyu, kuma filin gidansu ya isa shanya buhu goma."

Zahiru ɗan masu shaguna ne a babbar kasuwa, Seydou ya sha kai mishi kaya. Gwaggo Safiyatu ta buɗe baki za ta maimaita, ya ce, "Na ji, Gwaggo. Na ji duka."

Kashegari ya ɗauko Baba Karimu magini. Tsohon ya auna da igiya, ya ce a rushe bango biyu a tura su waje taki huɗu. Seydou ya yage gefen kwali ya rubuta abin da ya faɗa, ya kai wa Habsatou a zance.

Siminti buhu goma sha biyu, jikka biyar biyar, wato sefa dubu biyar ko wanne, jikka sittin ke nan. Kwanon rufi takwas, jikka talatin da biyu. Katako jikka goma. Yashi amalanke uku, jikka shida. Hannun Baba Karimu jikka ashirin.

Habsatou ta bi da yatsa har ƙasa.

"Ɗari da ashirin da takwas. Ina ƙusa?"

"Ƙusa?"

"Da miyau za ka manna kwanon? Kuma ƙofa fa? Ko so kake awakin maƙwabta su riƙa yi mini ɗanɗano?"

Ta karɓi biron ta ƙara jikka goma sha biyu. Ya zama ɗari da arba'in cif. Seydou ya dubi lambar. In kasuwa ta yi kyau, bayan ya zuba mai, jikka biyu ko uku yake komawa gida da su.

"Wata biyar ne," in ji ta a hankali. "Jikka guda kullum. Za ka iya, mai motona."

Matsalar Seydou ɗaya ce, kuɗi ba su kwana aljihunshi. Yau ɗan baffa ya ƙetaro daga Gaya babu na komawa, gobe maƙwabciya na neman na magani, shi kuma bakinshi bai san "babu" ba. Sai ya yi dabara: duk sanda jikka biyar ta haɗu, kafin kowa ya ji ƙanshinta, ya ruga ya sayi buhun siminti. Ba mai zuwa aron siminti. Ya riƙa jera su cikin tsohuwar madafar, a ƙasa, jingine da bango, ya rufe da tabarma.

Duk buhun da ya shigo sai ya aika saƙo:

"Farar Shinkafa, buhu na bakwai ya iso gida."

"Barka da ƙoƙari. Allah ya ƙara fasinja masu kaya. Ka ci abinci dai, na ga wuyanka ya fara tsawo."

Damina ta yi albarka a shekarar. Gulbi ya cika, ƙasar unguwa ta yi ta tsattsafo da danshi har cikin ɗakuna. Seydou na murna, don laka na hana mutane tafiya a ƙasa, kowa sai ya hau moto.

Da ruwa ya ɗauke, buhu goma sha biyu sun cika, kuɗin kwano da katako da mafi yawan sauran na ajiye wurin Malam Na-Allah. Baba Karimu ya zo da safe da cebur. Ya yaye tabarmar, ya kai wa buhun ƙasa ƙafa, sai ya ja baya shina riƙe da yatsa.

"Ɗana, tun yaushe waɗanga ke nan?"

"Na farkon tun kafin shuka."

"A ƙasa tsirara? Ko katako ba ka shimfiɗa ba?"

Sunka duba ɗaya bayan ɗaya. Tara sun sha danshi sun daskare kamar duwatsu, uku na sama ne kawai sunka tsira. Jikka arba'in da biyar. Kuma a fadama an fara wasa lauje.

Seydou ya zamna bisa buhun da ya zama dutse, ya rasa ta inda zai fara. Ranar bai aika saƙo ba. Kashegari ma haka. Kunya ta hana shi zuwa zance, ya canza wurin tsayawa ya koma tasha. A rana ta huɗu ya biyo ta bayan kasuwa da fasinja, ya hangi motar gidan su Zahiru ƙofar Inna Rakiya ana sauke kwalaye. Ya ce a ranshi, shi ke nan, labari ya kai musu.

A rana ta shida saƙonta ya zo:

"Seydou. In ka fasa ne ka faɗa mini da bakinka, ba sai na ji a inji ba. Ni ban fasa ba. Ina gindin dogon yaro, ba ni tashi sai ka zo."

Ba ta taɓa kiran sunanshi ba sai ranar. Ya sauke fasinjan da ya ɗauko, ya mayar mishi da kuɗinshi, ya juya.

Tana zamne bisa tushen itacen, idonta ja. Ya tsuguna ya faɗa mata komi, bai rage ba.

"Siminti?" ta ce. "Kwana shida ina kuka a kan siminti? Ni na ɗauka wata ka gani a tasha!"

"Ni kuma na ga motar su Zahiru."

"Madara ya kawo da sukari. Inna ta karɓa ta yi godiya, ni ko na ɗauki buhuna na tafi inji. Shi da ya ce matarshi ba za ta yi warin hayaƙi ba, mi zan yi da shi?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta miƙa hannu. "Kawo kwalin."

Ya ciro shi daga aljihu, duk ya yi laushi. Ta ja layi bisa siminti.

"Inna ta ce madafa mai faɗi, ba ta ce ta bulo ba. Ɗakin kakata a Guéné na laka ne da ɓuntun shinkafa, tun kafin a haifi Inna yake tsaye. Laka kyauta ce a bakin fadama. Ɓuntu kuma tudu ne a bayan gidanmu. Kana da hannu?"

"Biyu ma."

"To na amalanke kawai za mu biya."

Baba Karimu ya ji shawarar ya jinjina kai. Ya ce buhunan da sunka daskare ma ba asara ba ne duka, zai jera su cikin tushe su tare danshi, ukun da sunka rage a yi daɓe da shafen gindin bango. Ya rage jikka biyar daga kuɗin hannunshi tunda Seydou ne zai buga tubali. Sabon lissafi ya nuna jikka goma sha ɗaya kawai sunka rage a nema.

Seydou ya koma fita da moto daga asuba zuwa hantsi, sauran yini shina cikin laka har gwiwa. Kullum in Habsatou za ta inji sai ta sa a jefa mishi buhun ɓuntu ta kan katanga. Malam Na-Allah ya gan ta tana ɗiba sau biyu, ya kau da kai ya ci gaba da jan carbi.

Tubali ɗari shida sunka bushe cikin kwana goma sha biyu. Ranar da anka buga ƙusar ƙarshe, amalanken shinkafa na ta shigowa gari, saura gonaki kaɗan ba a yanke ba.

Inna Rakiya ta zo, wannan karon da tukunyar a bisa amalanke. Mutum biyu sunka shigar da ita ta ƙofa ba ta goga ko gefe ba. Ta zagaya tukunyar sau ɗaya, ta ɗaga kai ta dubi tagar hayaƙi, sannan ta sa farce ta ƙwaƙuli bango. Ta daɗe tana murza abin da ya fito a tafin hannunta. Seydou na tsaye daga waje shina jira.

"Safiyatu, laka ce."

"Laka ce, Yaya."

"Ɓuntun nan kuma na san shi. Sati uku ina zagin ɓerayen unguwa, ashe ɓeran ɗan kunne gare shi."

Gwaggo Safiyatu ta toshe baki da mayafi.

"Ki gaya mishi," in ji Inna Rakiya, "ki gaya mishi laka ta fi bulo sanyi ga mai tsayuwa gaban wuta. Baffanninshi su zo ran Juma'a a sa rana."

Seydou bai san sanda ya durƙusa ba.

Bayan sati biyar anka ɗaura aure ƙofar gidan Malam Na-Allah. Masu kabu-kabu sunka yi jerin gwano tun daga tasha, 'yan uwa sunka cika kwale-kwale biyu daga Gaya, mata masu gumi sunka dafa shinkafar da har maƙwabtan maƙwabta sunka ci. Malam Na-Allah ya dafa kan Seydou ya ce, "Allah ya sa albarka a gidanku da sana'arku, ya ba ku zuri'a masu jin ƙai, ya sa hayaƙin madafar nan kada ya yanke." Jama'a sunka amsa da amin.

Kwana bakwai bayan biki Habsatou ta hura wutar gumin farko. Inna Rakiya ta zo duba turarin, ta iske su ciki su biyu, Habsatou tana juya shinkafa, Seydou shina tura itace shina hawayen hayaƙi.

"Ka matsa, mai motona, ka cika mini wuri."

"Jikka nawa na kashe don kada ki faɗi haka?"

Inna Rakiya ta tsaya daga bakin ƙofa ba ta shiga ba. Ta shaƙi ƙanshin turarin, ta gyaɗa kai, ta juya za ta fita. Nan ta ga takalman Seydou na roba a tsakar gida, rana ta dake su har sun fara lanƙwashewa. Ta duba hagu da dama, ta sunkuya ta ɗauke su ta aje cikin inuwar sabon bango, ta gyara mayafinta ta kama hanyar gida.