Haruffan Gobe

"Duba! Duba abin da masoyin naki ya rubuta!"

Alhaji Mu'azu ya jefa wayarsa a kan tabarma, gaban 'yarsa Khaulat.

Hoton bangon wani kango ne a unguwar Kolere. An fesa gargaɗi da baƙin fenti, irin wanda 'yan Boko Haram suka bari a garin Mubi lokacin da suka riƙe shi bara: DUK WANDA YA DAWO YA MUTU.

"Sulaiman ya ce da idonsa ya ga Tahir yana rubuta musu. 'Yan banga sun kai shi ƙofar Jauro mai unguwa. Daga yau kada na ƙara jin sunansa a bakinki!"

Khaulat ba ta tsaya kan kalmomin ba. Haruffan ta zuba wa ido.

Kowa a Mubi ya san su. Tun da mutane suka dawo daga gudun hijira, Tahir mai fenti ke sake rubuta allunan shaguna da wasu haruffa da ba a taɓa gani ba. Babu lanƙwasa, babu jela, daga da'ira sai miƙaƙƙen layi sai kusurwa. Mai keke yana gudu ma zai karanta su daga nesa. Har rigunan 'yan ƙwallo sun ɗauka.

Shi kuwa Sulaiman, ɗan aminin Alhaji, ya daɗe yana zarya gidan nan da motar aro, tana ba shi ruwa kawai ta sallame shi.

Khaulat ta miƙe ta ja mayafinta.

"Baba, mu je wurin Jauro."

"Kin haukace ne?"

"Lafiyata ƙalau. Idan na yi ƙarya, ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama."

Ƙofar mai unguwar cike take da mutane. Tahir na zaune a ƙasa, leɓensa a fashe. Da ya hango ta sai ya girgiza kai, ya ce a hankali, "Ki koma, Khaulat... don Allah kada ki sa sunanki a ciki."

Tausayinsa ya kama ta har ƙwalla ta taru, amma ta haɗiye ta.

"Yi shiru, nawan."

Ta durƙusa ta gaida Jauro, sannan ta juya.

"Yaya Sulaiman, yaushe ka ce ka gan shi yana rubutu?"

"Lokacin da suna cikin gari mana! Ina laɓe a gidan kawuna."

"Da waɗannan haruffan?"

"Da su!"

"To ranka ya daɗe, lokacin babu su a duniya. Ni na zana su."

Wurin ya ɗauki hayaniya. Jauro ya ɗaga hannu.

"Yarinya, wannan magana naki babba ne fa. Kina da shaida?"

"A Yola na zana su, bayan sojoji sun karɓe gari, muna jiran a ce mu dawo. Na rantse ba zan ƙara kallon rubutu mai tsoratarwa a bangon garinmu ba. Da murfin gwangwanin madara na fitar da da'ira, da bakin kwali na ja layi. Na sa musu suna Gobe. Tahir bai gan su ba sai da muka dawo na kai masa, ya huda su a jikin tsofaffin takardun hoton ƙirji na asibiti, yana ɗorawa a allo ya fesa fenti. Shaidata kuwa..."

Ta ɗaga kai ta dubi mahaifinta.

"Baba, wa ya yi mini faɗa na ɓata bayan kwalayen taliya da zane-zanen banza?"

Alhaji Mu'azu ya auna lamarin. Idan ya amsa, gari ya ji cewa 'yarsa na zuwa shagon saurayi ba da saninsa ba. Idan ya ƙi, yaron nan ya tafi barikin soja, kuma ba kowa ke dawowa daga can ba.

Ya ciro wayarsa ya daɗe yana kallon hoton.

"Ni ne," ya ce. "Na gan su a Yola. Har wannan mai kama da ƙwai da aka tsaga."

Tahir ya ɗago da sauri.

"Ranka ya daɗe, takarduna guda ya ɓata ran da Sulaiman ya zo wai yana son allo!"

Aka waiga neman Sulaiman, ashe ya sulale. Mutumin da ya laɓe wa 'yan bindiga bai iya laɓe wa 'yan banga ba, a bakin kwata suka riƙo rigarsa.

A hanyar gida Alhaji na gaba. Khaulat na biye da shi, Tahir na can baya yana ɗingishi.

Sai a ƙofar zaure Alhaji ya tsaya, bai ko juyo ba.

"Kai mai fenti."

"Na'am, Baba."

"Yarinyar nan ta tsaya maka a gaban gari, ta kuma tsayar da ni. Ba zan bari a yi ta yawo da sunanta ba. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Tahir ya zube ƙasa yana godiya.

Khaulat ta rufe fuska da mayafi. Sai yanzu kukan ya zo, ta kuwa bar shi ya zo.