Maƙalin Mayafi

Ranar da ya fara ganinta a ɗakin gwaji, gefen mayafinta na shirin faɗawa cikin tukunyar sanyaya ƙarfe. Ya yi wuf ya kamo shi.

"Sakar min," ta ce. "Na iya aikina."

"Na sani, Sarauniyar Sanyi. Mayafin ne bai iya ba."

Ta harare shi, amma sunan ya bi ta. Ita ma ta raɗa masa Dogo.

Tana bincike ne a kan ƙarfen da in ya yi sanyi ƙwarai, lantarki ke ratsa shi ba tangarɗa. A cikinsa akwai 'yan ƙwayoyin maganaɗisu, tana auna yadda suke jan juna ko ture juna. Shi ɗalibi ne a teburin kusa da nata.

Da ya nemi aurenta, Babanta ya ce, "Sai ta gama digirinta. Kafin nan kada in ga takalminka a ƙofata."

Dogo ya ba ta kyautar maƙalin mayafi, irin mai mannewa ba allura. Kullum maƙalin yana kafaɗarta.

Tun daga nan awonta ya rikice, layin da ke kan allon na'urar awon sai tsalle yake. Farfesa ya fara zancen ba wani ɗalibi na'urar. Abokan karatu suka ce soyayya ta ɗauke mata hankali. Ba wanda ya ga hawayenta. Ta kwance wayoyi, ta sake haɗawa, ta daina ɗaga kiran Dogo.

Ya turo saƙo: "Sarauniyata, ko fushi kike, ki ci abinci."

Wata safiya ta sunkuya kan na'urar, layin ya zabura. Ta ja baya, ya kwanta. Ta dafa kafaɗarta, sai dariya ta ƙwace mata.

Ta rubuta masa: "Dogo, da karatunka, maganaɗisu ka ba ni in shiga da shi wurin awon maganaɗisu?"

"Ke ma da naki karatun kika saka."

"Don kai ka ba ni."

Ta cire maƙalin, awo ya daidaita, ta gama da sakamakon da ya sa Farfesa miƙewa tsaye.

Ranar aurensu Baba ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Dogo ya hango maƙalin a kafaɗarta. "Kin dawo da mai laifin?"

"Yau ba abin da zan auna," ta ce, ta matso kusa da shi.