Gashin Bakin Mussa

Shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Sabon Birni ta yi tsit. Maza sun tafi cin rani. Lawwali, mai zanen allunan shago daga Isa, ya ga Mairama tana koya wa 'yan yaran da suka rage waƙar da ta tsara:

Mussa ta leƙa rumbun bana,
Ba gero, ba ɓera, sai rana.
Ta ce, "Har kai, Ɓera, cin rani?
To ni kuma wa zai gaishe ni?"

Ya ɗauki gawayi ya zana Mussa, kyanwar waƙar, a bangon gidansu Mairama, zaune gaban rumbu. Yara suka yi dariya, Mairama ta sunkuyar da kai. Tun daga ranar take yin waƙa, yana zanawa, ba su da abokin hira sai juna.

Halliru ɗan kasuwa ma yana son ta. Ya kai wa mahaifinta Malam Ɗanmusa tsegumi, wai gashin bakin kyanwar zanen fuskar Gobirawa ne, shi Malam ɗin aka zana yana gadin rumbu wayam. Mai haɗa husuma cikin yunwa ba shi da kunya. Tsoho ya hana Lawwali ƙofar gidan.

Lawwali ya koma Isa, ya daina zane. Saƙonta ya same shi: "Mai gawayina, na yi sabuwar waƙa, ba wanda za ni nuna ma. Bango ya yi min girma."

Ya amsa: "Mussata, gobe za ni taho, ko a kore ni."

Ya tarar da Malam a gindin bangon, jikokinsa na rera waƙar suna dariya. Ya durƙusa.

"Baba, wallahi kyanwa na zana."

"Yi shiru, ƙirga nikai." Tsoho ya bi gashin da yatsa. "Uku nan, uku can. Namu shida da bakwai ne. Wagga ba Bagobira ba ce, baƙuwa ce irinka." Ya dubi yaran. "Rabona da dariyarsu tun shuka. Turo manyanka."

Aka ɗaura aure ba shagali, da dabino da addu'a. Malam ya sa musu albarka, ya miƙa wa ango gawayi.

"Ƙara wa Mussa sauran gashin. Ta zama 'yar gida."