Turaku Tara a Gonar Kawu

Inna Fatu tana tankaɗe a tsakar gida, ɗanta Jalaluddeen yana zaune kan turmi da kofin kokon da tun ɗazu ya huce a hannunsa, sai ga Kawu Sama'ilu ya shigo, ko sallamar bai ƙarasa ba. Rungume yake da wasu itatuwa masu jan fenti a kai. Ya zube su a gaban ƙanwarsa, kaji suka watse.

"Fatu, ƙirga."

"Lafiya, Yaya?"

"Ki ƙirga na ce."

Ta ƙirga. Tara.

"Turaku tara a gonata, ta gabas, inda muka yi iyaka da Malam Muhammad Nur. Shekara ashirin ke nan da mai gari ya raba mu a kan iyakar nan, ashe maganar ba ta kwanta masa ba. Yanzu 'yarsa ya turo, wai malamar makaranta, ta kwaso 'ya'yan mutane suka kafa mini turaku, har da fenti. Saura su sauke bulo."

Jalal ya dubi turakun. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, don shi ya sassaƙe su, shi ya sayo fentin a Roni.

Shekara bakwai ya yi a Fatakwal yana lodin kaya a bakin ruwa, wata biyar ke nan da dawowarsa Dutsen Marke, ƙauyensu da ke tsakanin Roni da Gwiwa. Babu wanda ya kore shi daga can, babu kuma abin da ya kira shi nan. Tun da ya dawo yake jin kansa kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. A zuba masa tuwo ya ci, a ce an yi haihuwa ya ce madalla, a ce an yi rasuwa ya ce Allah ya jiƙa, duk da murya ɗaya. Hatta Zulaikha, 'yar Malam Muhammad Nur, wadda ta riƙe alkawarinsu duk tsawon shekarun nan, ta yi karatun koyarwa a Kazaure ta dawo ƙaramar sakandaren garin, in ya zauna gabanta hira sai ya ji kamar ta bayan gilashi yake kallon ta.

Ita ce ta same shi da maganar a ƙarshen bazara.

"Kwazazzabon nan na bayan gonaki yana cin ƙasa duk damina, kowa sai ya ce ai haka yake tun da can. Na gaji da zana wa yara zaizayar ƙasa a allo alhali ga ta a bayan gidansu. Firaktikal nake so mu yi. Mu kafa turaku, mu auna da tef daga kowane turke zuwa bakin ramin, bayan damina mu sake aunawa. Amma ta gonar Kawu ya fi ci. Don Allah ka nemar mini izininsa tukuna, ka san turke a gona ba wasa ba ne."

"Ba matsala," ya ce.

Ya yi niyya. Yau, gobe, jibi. A inda ya fito, kullum ana kafa ƙarafa ana tugewa babu mai ɗaga kai, har ya manta cewa a nan duk wanda ya kafa turke a gonarka cewa ya yi daga nan nawa ne. Da ta tambaye shi ko Kawu ya yarda, sai ya ce, "Eh, ku je kawai," don ya fi sauƙin faɗi.

Yanzu ga Kawu a tsaye yana huci, Kawun da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa.

"Juma'ar da muka sa za mu kai goron neman aure, na fasa. Ba zan haɗa zuri'a da masu auna gonata ina raye ba. Ka ji ni, Jalalu?"

Maganar tana bakinsa. Kalma uku ce kacal: ni ne, Kawu. Ya ji ta ta taso, ta tsaya, ta koma.

"Na ji, Kawu."

Inna Fatu ta ajiye rariya ta fara sharar hawaye da gefen zani. Da Kawu ya fita ta dubi ɗanta.

"Yarinyar nan shekara bakwai tana aiko mini da fura duk sallah. Kai ko a jikinka?"

Ya shanye kokon da sanyinsa.

Kwana biyu bayan haka ya sami Zulaikha a bakin makaranta, an tashi yara, tana naɗe tef ɗin awo. Idonta ya kumbura.

"Ba ka gaya masa ba tun farko, ko?"

"Ban gaya masa ba."

"Yanzu fa?"

Ya dubi ƙasa.

"Baba ya tsare ni a zaure, ya ce wa ya ba ni izini, don na tono masa rigimar da ya binne tuntuni. Na ce kuskurena ne."

"Me ya sa ba ki faɗi gaskiya ba?"

"In na faɗa, na wanke kaina na bar ka a ciki. Wannan maganar daga bakinka ya kamata ta fito." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Shekara bakwai na jira ka dawo, Jalal. Gangar jikinka ta iso. Zan jira ragowar, amma ka sani jiran nan ya fi wancan ciwo."

Ya so ya ji wani abu. Ya tsaya yana lalube a ƙirjinsa kamar mai neman ashana a aljihu, bai samu ba. Ya ce, "Sai an jima," ya tafi.

Damina ta sauka. Magana ta zaga gari, a gidan suna da bakin rijiya: 'yar boko ta je ƙwace gona tun ba a ɗaura ba, ina ga an ɗaura. Wasu iyayen suka hana 'ya'yansu fita aikin waje. Zulaikha ba ta tanka wa kowa ba. Ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta yi aikin a ɓangarensa kawai, ya yarda da ƙyar. Duk Laraba, in Jalal yana noma a gonar Kawu, sai ya hango ta da yara goma sha wani abu suna ɗauko duwatsu daga gindin tsauni suna jerawa a hanyar ruwa, suna dasa ciyawar jema a bayan jerin. Tana ɗaga murya tana tambaya, suna amsawa, suna dariya. Ko sau ɗaya ba ta tsallako iyaka ba, ko da inuwarta.

Shi kuwa ya fara duba tsohuwar jakarsa. Abokinsa Lauwali ya kira daga Fatakwal, ya ce akwai aiki. Ya ce zai yi tunani. Tafiyar da zaman duk ɗaya suke a wurinsa.

A tsakiyar Agusta aka kwana uku ana ruwa. Da ya ɗauke, suka fita duba gona shi da Kawu da hantsi. Tun daga nesa Kawu ya rage sauri.

Kunya huɗu na gero sun rufta cikin kwazazzabo, kawunansu a ƙasa, saiwa a sama. Tsohon marken da mahaifin Kawu ya shekara arba'in yana sallar azahar a inuwarsa, rabin saiwoyinsa a waje suna lilo. Can kuma ɓangaren Malam Muhammad Nur, jerin duwatsun yana nan, laka ta taru a bayansa, jema ta yi kore shar, ko kunya ɗaya ba ta tafi ba.

Jalal ya tuna turke na farko a gindin marken aka kafa shi, kuma shi ya rubuta lambar a jikinsa da fenti: mita goma sha ɗaya. Ya jingina baya da itacen ya fara takawa. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. A na biyar yatsunsa suna leƙen rami.

Wata uku, mita shida. Babu ƙara, babu shaida, kullum kaɗan kaɗan, ana cewa ai haka yake. Ya waiwaya ya hangi rufin makaranta, sai wani abu ya soke shi a ƙasan ƙirji, irin zafin da ƙafa take yi in jini ya fara dawo mata. Ya durƙusa a cikin laka.

"Kawu, ni ne."

"Kai ne me?"

"Turakun. Ni na sassaƙe su. Ta ce in nemi izininka, ban nema ba, na ce mata ka yarda. Ba iyaka take aunawa ba, ramin nan take aunawa. Tun ranar ta san ni ne, ta rufa mini asiri."

Kawu ya daɗe yana kallon geron da ya rufta.

"Wata uku," ya ce a hankali. "Ruwa ya ci gonata a fili, kai ka bari ana cin mutuncin 'yar mutane kana zaune kana shan koko."

Sai ga Jalal yana kuka, kukan da rabonsa da shi tun ranar da ya hau motar kudu. Kawu bai rarrashe shi ba.

"Tashi. Turakun suna bayan rumbu. Kai za ka ɗauko su, a ka, ta tsakiyar gari."

Ranar Laraba yaran suna bakin kwazazzabo suka ga Kawu Sama'ilu tafe, Jalal a bayansa da ɗaurin turaku a ka. Zulaikha ta durƙusa.

"Ina kwana, Kawu."

"Tashi, 'yata. Ni ne da durƙuso, tsufa ne ya hana. Nuna mini abin da kuke yi."

Wata ɗaliba mai baki, Sadiyya, ta jawo jarkoki biyu da aka yanke gefensu. Ɗaya cike da ƙasa tsirara, ɗaya da ƙasa mai ciyawa. Ta jingina su a karkace ta zuba wa kowace buta guda. Ta farko ta amayo jan ruwa mai kauri, ta biyu ta ɗigo ruwa kaɗan, garau.

"Baba, wannan gonarka ce, wannan kuma ta Malam," in ji Sadiyya. "Da ka bar mu, da yanzu ka ci jarrabawa."

Yara suka ƙunshe dariya. Kawu ya murmusa, ya karɓi turke na farko daga kan Jalal, ya nemi dutse, ya buga shi da hannunsa a gindin marke.

"Ku auna. Ku jera duwatsunku har ƙarshen gonar. Juma'a kuma, Malama, ki ce wa babanki ya shimfiɗa tabarma, muna tafe."

Zulaikha ta sunkuyar da kai. Da ta miƙa wa Jalal bakin tef ɗin ta ce ƙasa ƙasa, "Sannu da zuwa."

"Wata takwas da dawowata."

"Yau ka iso. Riƙe da kyau, kar ka saki."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Mita shidan da ruwa ya ci ba su dawo ba, marken kuwa ya tsaya, da jema kewaye da shi.

Haƙuri dai bai taɓa kunyata mai shi ba, ko da gari duka ya juya masa baya. Shirun da mutum zai yi a inda gaskiya take neman bakinsa kuwa, shi ma kwazazzabo ne: ba ya ƙara, kaɗan kaɗan yake ci, sai an wayi gari ya iso gindin abin da aka fi so. Allah ya ba mu ikon faɗin "ni ne" tun ramin bai yi zurfi ba.